Ɗakin Gwangwanayen Baba Faranti

Shekara talatin da takwas Baba Faranti ya yi yana ɗaukar tire a ɗakin cin abinci na wani babban otal, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa fasa kofi ba. Wannan ce maganar da yake fara yi wa baƙo, tun baƙon bai gama gyara zama ba. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Iya, takan ce da ana raba fili saboda rashin fasa kofi, da yanzu unguwa guda gare su. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce gaskiyarta, don abin da ya fito da shi daga otal ɗin bai wuce agogon bango ɗaya, da farar kwat, da gwiwoyi masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa ba.

Yana saurayi ya shiga aikin, a wurin wanke-wanke na bayan kicin, inda tururi ke sa mutum ya manta kalar sama. Daga nan aka ɗaga shi zuwa goge tambulan, sai ɗaukar tire, har ya zama shugaban masu hidimar tebur. A can wasu dokoki suka shige masa ƙashi. Duk abin da aka sha a cikinsa, a wanke shi. In an wanke, a jera, a bar faɗin yatsa biyu tsakanin wannan da wancan. Abin da kuwa ya lotse ko ya tsage, ya gama hawa kanta har abada.

Da ya yi ritaya, sai hannuwansa suka ƙi yin ritayar tare da shi. Su ke tashinsa da sassafe. Ya goge cokulan gidan har suka fara sirancewa. Ya jera kwanonin Iya bisa tsawo, ita kuma ta kwana uku tana neman murfin tukunyarta. Ranar da ta same shi yana naɗe tsumman goge tebur siffar fure, ta daɗe a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Malam," ta ce, "ka nemi abin yi a waje, tun kafin ka fara kawo mini takardar kuɗin abinci."

Abin yin ya zo ta hannun jikarsa, 'yar babban ɗansa, wadda ke zaune a wurinsu saboda makaranta. Shekararta sha shida, doguwa ce har sai ta sunkuya a ƙofar kicin, kuma ita ce shugabar ƙungiyar ƙwallon raga ta 'yan matan unguwa, shi ya sa ko a gida Kyaftin ake ce mata. Su goma sha biyu ne. Filinsu na bayan makarantar firamare, ragarsu an ɗinke ta da igiyar shanya a wuri uku, mai koyar da su kuma wata malamar motsa jiki ce da suke kira Koci. A wannan shekarar suka cinye duk wanda aka haɗa su da shi, sai ga takardar gayyata zuwa wasan ƙarshe a wani birni mai nisan awa biyar a mota. Takardar ta zo da hatimi da sa hannu. Mota ce kawai ba ta zo da ita ba.

Aka tara iyaye a barandar makaranta. Koci ta miƙe, usur rataye a wuyanta.

"Ba roƙo za mu yi ba," in ji ta. "Gwangwanin lemo za mu tara, mara nauyin nan na alminiyum da kowa ke sha ya jefar. Mai Sikeli na bayan kasuwa yana saye a kilo. Na yi magana da shi, na yi magana da direba. Kilo ɗari da hamsin zai ɗauko mana babbar bas mai kujera sha takwas, zuwa da dawowa. Wata biyu gare mu. Abin da ba mu da shi, wurin ajiya."

Baba Faranti ya ji an ce gwangwani, ya ji an ce ajiya. Kalmar kilo kuwa ta wuce ta gefen kunnensa kamar ƙuda. A otal, sikeli na mutanen kicin ne, masu gumi da ihu. Mutanen ɗakin cin abinci da ido suke awo: in kanta ta cika, to kowane irin taro ya zo. Ya tashi, gwiwoyinsa suka riga shi yin sallama.

"Ina da sito a bakin ƙofar gidana, ba komai a ciki sai gizo-gizo. Ku bar mini wannan. In yaran nan ba su hau bas ba, ku zo ku tambaye ni."

Aka yi tafi. Nan take aka naɗa shi uban ƙungiya, aka kuma ce kujerar gaba, kusa da direba, tasa ce. Ya dawo gida yana taku irin na mai ɗauke da tiren shugaban ƙasa.

Washegari ya kira kafinta ya kakkafa masa katako a bango uku, daga ƙasa har rufi. Ya jera baho uku a tsakar gida: na sabulu, na ɗauraya, da na ɗauraya ta biyu. Kowace yamma 'yan matan su zo da abin da suka tsinto a tasha da bakin shaguna da filin wasa, shi kuma ya zauna a kan 'yar kujera ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya kife su a kan tabarma su tsane, ya goge, ya jera. Jajaye a bangon dama, koraye a hagu, shuɗaye da masu ruwan azurfa a bangon da ke kallon ƙofa. Kowanne rubutunsa na fuskantar mai shigowa.

"Sabulun da ka ƙarar a kan bolar nan," in ji Iya, "da ya wanke asibiti."

"Ba bola ba ce, kayan ƙungiya ne."

"To kayan ƙungiya sun shanye mini ruwan tanki."

A mako na biyu Kyaftin ta shigo da buhu a kafaɗa, ta dire shi a gabansa tana haki.

"Kaka, ga na yau. Mun tattaka su don su shige buhu ɗaya."

Ya buɗe bakin buhun, ya leƙa, ya ja da baya kamar wanda ya ga hatsarin mota.

"Wa ya yi wa bayin Allahn nan haka?"

"Mu ne mana. Wasu kuma a kan titi muka same su, mota ta bi ta kai. Ai Koci ta ce..."

"Koci ƙwallo ta sani. Ɗakin nan ba asibitin ƙashi ba ne. Abin da ya lotse ba ya hawa kanta."

"Kaka, narka su fa za a yi."

"Ke ma wata rana tsufa za ki yi, amma ba wanda ya ce ki fara dogara sanda tun yau."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, don ta ɗauka wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba. Ya zauna ya tsince buhun. Waɗanda suka ɗan lotsa ya zura musu ƙotar ludayi ya miƙar da su a hankali, sauran ya ce a mayar inda aka ɗebo. Daga ranar 'yan matan suka koyi wuce duk wani gwangwanin da ya kwanta a hanya, wanda kuma shi ne mafi yawa, tunda gari cike yake da taya da takalmi. Lafiyayyun kawai suke ɗauka, su rungumo su a kwali kamar ƙwai.

Gaskiya ɗakin ya yi kyau, wannan ko Iya ba ta musa ba. Da hantsi rana kan shigo ta 'yar taga ta faɗa kan bangon jajaye, hasken ya yi tsalle zuwa kan koraye, ya gangaro ƙasa rawaya-rawaya kamar an zubar da shayi. In iska ta ratsa, gwangwanayen kan yi wata siririyar murya, kowanne da tasa. Baba Faranti kan tsaya a tsakiya, hannu a baya, yana jin kamar ƙarfe bakwai saura kwata ne a otal, tebura a shirye, ana jiran a buɗe ƙofa.

A mako na biyar kantoci suka cika. Ya jera a ƙasa, ya bar 'yar hanya ta mutum ɗaya, nan ma ya cika. Koci ta zo dubawa, ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe.

"Kai, Baba! Sannu da aiki. An auna kuwa?"

"Malama, shekara talatin da takwas..."

"Na sani, Baba. Kofi."

"To. In na ce sito ya cika, ya cika. Ko allura ba ta da wurin tsayawa. Ki ce wa yaran su huta da yawon bola, su koma kan atisaye. Bas kam sun riga sun hau."

Koci ta buɗe baki, ta sake kallon bangon nan uku masu ƙyalli, ta kalli furfurarsa. Sa'an mahaifinta ne. Ta haɗiye abin da ke bakinta.

"To, Baba."

Haka aka daina tarawa. Kusan mako uku Baba Faranti ba shi da aiki sai kaɗe ƙura da gashin kaza da zagayawa da baƙi. Mai gyaran keke ya zo ya gani, mai shayi ya zo ya gani, har wata mata ta nemi a ɗauke ta hoto a ciki. Ya fito da kayan da zai sa ranar tafiya, ya goge, ya rataye a bayan ƙofa, kowane kwana biyu ya sake bi da dutsen guga ko da wani layi ya karkace.

Saura kwana tara wasa, ranar Alhamis da la'asar, Mai Sikeli ya iso da baro, da buhuna, da sikelinsa na ratayawa. Gajeren mutum ne, yatsunsa duk tabon ƙuna. 'Yan matan duka suna nan, da wasu iyayen, Iya kuma ta jawo kujera ta zauna a inuwa. Mai Sikeli ya shiga ɗakin ya yi turus. Ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu, ya bi layi-layi yana gogawa. Ba wanda ya kama.

"Ko ɗaya babu ƙarfe a ciki," ya ce. "Dattijo, shekara ashirin ina sana'ar nan, ban taɓa ganin kaya mai ƙamshin sabulu ba."

Ƙirjin Baba Faranti ya cika rigarsa. Ya waiga ya tabbatar Iya ta ji.

Sai Mai Sikeli ya miƙa hannu ya zaro ja guda daga tsakiyar layi, ya sake shi ƙasa, ya ɗaga ƙafa. Ƙwaras!

"Kai! Kai! Me kake yi haka?"

"Iska nake fitarwa, Baba. Ni ba na sayen iska. Yara, ku zo ku taya ni."

'Yan matan suka kalli Koci, Koci ta gyaɗa kai. Ƙafa ashirin da huɗu, waɗanda aka horar da su tsalle, suka shiga ɗakin. Baba Faranti ya fita ya tsaya a jikin bango ya juya baya. Ƙarar ta yi ta zuwa masa ta cikin bulo, kowace ɗaya a haƙarƙarinsa take sauka. Kafin rana ta sauka daga kan katanga an gama. Bango uku da ƙasa, mako biyar na wanki da guga, duk sun shige buhu huɗu da rabi, sun zauna a bakin ƙofa kamar baƙin da ba a yi wa shimfiɗa ba.

Mai Sikeli ya rataye sikelin a jikin ƙarfen ƙofa, ya ɗora buhunan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Hamsin da takwas."

"Na buhun farko?" in ji Baba Faranti.

"Na duka."

Kyaftin ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta kwance igiyar takalminta, ta ɗaure, ta sake kwancewa. Ƙaramar cikinsu ce ta yi tambayar da kowa ke riƙe da ita.

"Koci, ba za mu je ba ke nan?"

Mai Sikeli kuwa, da yake bai san inda ciwon yake ba, ya taka shi da ƙafa biyu.

"Da kun haɗa da na kan titi ai da kun wuce haka nesa. Waɗannan mota ta riga ta yi muku aikin, ɗauka kawai za ku yi."

Ido ashirin da huɗu ne kawai suka juyo a hankali suka tsaya a kan uban ƙungiya. Da ƙasa tana da ƙofar baya irin ta otal, da ta nan ya fita.

Bayan an watse ya shiga ɗakin ya zauna a kan bahon da ya kife. Katakai tsirara, ƙasa duk ɗigon fenti ja da kore. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a duk unguwar ba wanda ya kai shi sanin nauyin gwangwani. Sau dubu nawa ya shiga da tire cike, kafaɗarsa na kuka, ya fito da su an shanye a kan yatsa uku yana gaisawa da mutane? Hannunsa ya sani sarai. Ba wanda ya tambayi hannun, har shi mai hannun.

Iya ta leƙo da kwano.

"Ka ci abinci."

"Ba na jin yunwa."

"Ci dai. Kai ma in aka rataye ka a sikelin nan, ban ga alamar za ka kai hamsin da takwas ba."

Bai so ba, amma dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa da ruwa a ido. Ya karɓi kwanon.

"Na ce in ba su hau bas ba a zo a tambaye ni."

"Za su zo kuwa. Na ji uwar 'yar ƙaramar nan tana tambayar ƙarfe nawa kake tashi."

Ya riga uwar yarinyar tashi. Da safe ya ciro farar kwat ɗinsa daga ƙasan akwati ya nufi otal. Shekara shida rabonsa da wurin. Ranar da aka yi masa walimar sallama ya tafi da tabbacin cewa kafin wata guda komai zai rikice, a aiko mota a ɗauke shi. Ya yi ta jiran motar har ya daina. Da ya isa sai ya tarar ginin na tsaye, har an ƙara masa bene.

Ta ƙofar baya ya shiga. Wanda ke riƙe da ɗakin taro yanzu, Manaja, Baba Faranti ne ya koya masa yadda ake riƙe tire. Ya yi tumbi, waya biyu a hannu.

"Oga! Ikon Allah! Lafiya dai?"

"Aiki nake nema."

Manaja ya kalli kwat ɗin, wadda ta zama kamar ta aro, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Oga, ka san yanzu sai an rubuto daga sama..."

"Ba albashi nake so ba. Gwangwani."

Ya ba shi labarin tun daga katako har sikeli, bai rage wa kansa komai ba. Manaja ya yi ƙoƙari, ya cije leɓe, ya kalli rufi, amma da aka zo wurin ƙotar ludayi sai da ya dafa bango.

"Yi dariyarka ka gama, ina da sauri."

"Yi haƙuri, Oga. Matsalar ɗaya ce. Gwangwani na wanda ya kwashe shi daga tebur ne, yaran hidima su ke sayarwa su raba. Dokar bayan kicin ke nan, kuma kai ka kafa ta. Ba zan iya ƙwace musu ba."

"Ban ce ka ƙwace ba. Ba ni tire."

Aka yi sa'a makon cike yake: bukukuwan aure Juma'a da Asabar da Lahadi, sai taron wata ƙungiyar likitoci na kwana uku. Manaja ya buga waya wasu ɗakunan taro biyu, suka ce 'yan matan su zo bayan an tashi su kwashe na ƙarƙashin kujeru. Koci ta raba su: rabi su bi titi da tasha suna tsintar kwantattun da suka yi wata guda suna tsallakewa, rabi su jira a ƙofar bayan otal da buhuna.

Baba Faranti ya koma tsakanin tebura. Matasan masu hidima suna ta zunguren juna, har sai da suka ga aikin. Tsohon ma'aikaci da kunne yake sanin gwangwanin da aka shanye: mai ruwa in an ajiye shi kan yi tim, wanda ba komai ciki kan yi tas. Daga ƙarshen ɗaki yake jin tas ɗin, kafin mai shi ya janye hannu tire ya iso. Sai dai zumuɗi ya yi masa yawa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koya wa yara cewa ma'aikacin kirki ba a ganinsa, ya zama inuwar kowane baƙo. Wata mata ta rungume lemonta da hannu biyu ta ce, "Baba, wallahi ban gama ba." Wani babban likita yana tsakiyar jawabi ya miƙa hannu don ya jiƙa maƙoshi, ya damƙi iska. Kuma ba teburin da ya wuce bai rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙaro mai sanyi?" ba. Manaja ya ce tunda aka gina otal ɗin ba a taɓa shan lemo irin na makon nan ba.

A rana ta uku ya fito bayan kicin ya tarar buhunsa ya fi yadda ya bar shi nauyi. Matasan nan suna wucewa da tirensu, kowa ya karkata shi cikin buhun, yana kallon wani wajen. Bai yi musu godiya da baki ba, don ya san irin wannan ba a so a faɗa. Ya dai nuna wa ɗayansu yadda zai dafa tire da gwiwar hannu kada kafaɗa ta mutu kafin shekara arba'in.

A nan bayan kicin ɗin ne kuma ya fara takawa da ƙafarsa. Ya ajiye kore guda a kan siminti, ya gyara masa tsayuwa don sabo, ya rufe ido, ya kai ƙafa. Gwangwanin ya zille ya gangara ƙarƙashin motar kaya. 'Yan matan suka kwashe da ihu. Na biyun ya samu daidai. Ƙwaras! Ya tsaya yana kallon abin da ya aikata, kuma abin kunyar da bai gaya wa kowa ba sai Iya shi ne, daɗi ya ji. Ya jawo na uku.

"Kaka, a hankali dai," in ji Kyaftin. "In ƙafar nan ta lotse, ba mu da ludayin da zai miƙar da ita."

"Rufe mini baki, sandar rake. Miƙo buhu."

Juma'a da safe, ana gobe wasa, Mai Sikeli ya sake rataye sikelinsa. Wannan karon kayan na ɗoyin tsami, ƙudaje na bi, ba wanda ya ga ko kumfar sabulu. Ya haɗa da na farko.

"Ɗari da ashirin da uku."

Bai kai ba. Koci ta ja gefe da waya a kunne, ta daɗe tana safa da marwa, kowa na bin ta da ido. Ta dawo.

"Babbar bas ta fi ƙarfinmu. Amma direban yana da ƙarama, mai kujera sha huɗu har da ta gaba. Wannan za ta kai mu ta dawo da mu."

Ihun da aka yi sai da kajin maƙwabta suka watse. Ana cikin tsalle Kyaftin ta tsaya tana lissafi da yatsu. Su goma sha biyu. Koci. Sai uwa ɗaya, don takardar gayyata ta ce dole a zo da mace cikin iyaye.

"Koci, Kaka fa? Sai mu matsu, ni na ɗauki ƙaramar a cinya."

"Direba ya ce ko jaka ba zai ɗora wa kujera biyu ba, akwai masu duba motoci a hanya."

Baba Faranti ya ga bakin Koci na neman yadda zai faɗi abin da ba ya son faɗa, sai ya riga ta.

"Ni dama doguwar tafiya tana tayar mini da ciwon baya. Awa biyar a zaune? Ku rufa mini asiri."

Iya, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba, ta kalle shi ta bar wannan ta wuce.

Asabar da safe ya raka su tasha, ya loda musu ruwa, ya gaya wa direba sau uku ya bi a hankali, har direban ya ce, "Baba, ko kai za ka tuƙa?" Motar ta tashi, hannuwa sun fito ta kowace taga.

Da azahar ta gota wayarsa ta yi ƙara. Koci ce.

"Baba, za a fara. Zan ajiye wayar a kan benci, ka saurara."

Ya zauna a tsakar gida, ya buɗe muryar wayar, ya ɗora ta a gwiwa. Iya ta matso da kujerarta. Ba abin da ke fitowa sai hayaniya kamar ruwan sama a kan kwano, da usur, da dukan ƙwallo, da wata ƙara ƙii-ƙii da bai gane ba da farko. Bai taɓa fahimtar dokokin wasan ba, amma wannan bai hana shi ba da umarni ba.

"Ku tare! Ke, koma baya! Buga mana!"

"Malam, ba sa jinka fa. A kan benci kake."

"Suna ji."

Can sai wata murya ta keto hayaniyar, muryar da ya sani tun tana kukan neman nono. "Tawa ce!" Aka ji tim. Ɗakin wasan ya ɗauka gaba ɗaya. Ya miƙe tsaye, wayar a hannu biyu, yana ƙoƙarin gane ko ihun nasu ne ko na abokan karawa. Sai ɗif. Katin Koci ya ƙare. Ya danna ya kira, wata mata mai ladabi ta sanar da shi cewa nasa ma ya ƙare.

"Sun ci?" in ji Iya.

"Ban sani ba."

"To me ka ji?"

Ya sa wayar a aljihu.

"Kin ji wannan ƙii-ƙii ɗin? Takalmansu ne. A kan katako suke wasa, Iya. Daɓen katako, mai sheƙi. Yaran da ba su taɓa faɗuwa ba sai a kan tsakuwa."

Ya zura takalmi, ƙafar dama da kyar ta shiga don kumburin taka gwangwani, ya fita yana ɗingishi neman mai sayar da kati.